Kurakuran masu zuwa kwanan daji a bakin tafkunan arewacin Minnesota

Duk shekara, da zarar ƙanƙara ta narke a kan tafkuna, sai 'yan uwa su fara nemana: "Malam, an ce akwai inda ake kafa tanti a bakin ruwa ba a biyan ko sisi, gaskiya ne?" Gaskiya ne. Amma abin da nake gani a hannun sababbin zuwa ya ishe ni, kuskure iri ɗaya bara, iri ɗaya bana. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, kowa ya karanta kafin ya ɗaura kaya.

A gandayen dajin gwamnatin tarayya guda biyu, Superior da Chippewa, mutum na iya kafa tanti kyauta a mafi yawan wurare, har kwana 14 a wuri ɗaya. A gandayen jiha ma haka ne, muddin ka yi nisan mil ɗaya daga sansanonin da ake biya. A gaɓar wasu koguna, irin su Namekagon da ke Wisconsin, an tanadi wuraren kwana ga masu tafiya a kwalekwale, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Abin da za ka tarar bai wuce murhun ƙarfe da masai na rami ba, wani wurin ma babu ko ɗaya. Babu famfo, babu mai gadi, babu mai kwashe shara. Kusan duk kuskuren da zan lissafa daga mantawa da wannan yake tasowa.

Na farko shi ne ɗaukar cewa duk inda taswirar waya ta nuna kore, na kowa ne. A cikin iyakar gandun akwai filayen mutane, kuma babban ɓangare na Chippewa yana cikin ƙasar al'ummar Ojibwe ta Leech Lake. Yankin Boundary Waters kuwa, da ke cikin gandun Superior, mai faɗin sama da eka miliyan ɗaya da tafkuna fiye da 1,000, ba kyauta ba ne. Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba sai da takardar izini ake kwana a ciki, ana ƙayyade yawan masu shiga ta kowace ƙofa, ayari ba ya wuce mutum 9 da jirgi 4, kuma an hana shiga da abinci ko abin sha a gwangwani da kwalba. Maganin abin mai sauƙi ne. Ka tsaya a ofishin gandun daji na Ely ko Tofte ko Grand Marais, ka sayi taswirar takarda, ka ɗora yatsa a kan inda za ka, ka tambaya. A nan ne kuma za ka ji ko an hana hura wuta a makon.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, wato raina ruwan sanyi.

Tafkunan arewa ba sa rabuwa da ƙanƙara sai ƙarshen Afrilu, wasu shekarun har tsakiyar Mayu. Bayan makonni biyu ko uku sai rana ta fito, iska ta yi ɗumi, mutum ya cire rigar sanyi, ya ɗauka ruwan ma ya ɗumama. Ina! Ruwan nan yana ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan rana ce na ɗauki ƙanin wani abokina, yaro mai hankali, ɗalibi, zuwansa na farko. Rigunan ceto muna da su, amma a kansu muke zaune. Muka ga tsibirin da za mu kwana yana can tsallake, na ce mu yanke ta tsakiya maimakon bin gaɓa. Bayan azahar ne, lokacin da iska ke tashi. Igiyar ruwa ta fara dukan jirgin ta gefe, hularsa ta tashi, ya miƙa hannu zai cafe ta, shi ke nan jirgi ya kife.

Abin da ba wanda ya taɓa gaya mini shi ne numfashi ke fara ƙwacewa. Ƙirji ya ɗaure, baki ya buɗe da kansa yana jan iska, in kanka na cikin ruwa a lokacin, ruwa za ka shaƙa. Na ji shi yana cewa "Yaya, hannuna, hannuna ba ya kamawa." Yatsunsa na kan cikin jirgin suna zamewa, ga wandon jins da rigar auduga sun sha ruwa suna jan sa ƙasa. Rigunan ceton kuwa iska ta yi gaba da su. Allah Ya kawo wasu masu kamun kifi biyu a jirgi mai inji, su suka tsamo mu. Yaron ya kwana a asibiti. Kayanmu suna ƙasan tafkin har yau, amma ba su ne asarar ba. Asarar ita ce muryar mahaifiyarsa da ta kira ni daga gida tana tambaya, a hankali, ba faɗa, yadda aka yi na ɗauki ɗan mutane na kai shi tsakiyar ruwa. Har yanzu bai sake shiga jirgi ba.

Don haka kada wanda ya sake ce mini "ai na iya iyo". A ina ka koya? A kogin garinku ko kududdufin unguwa, inda ruwa ke da ɗumi ko da damina. Masana ruwan sanyi sun ƙiyasta abin haka: minti ɗaya na farko kana kokawa da numfashi, sai kamar minti goma da hannu da ƙafa za su yi maka aiki, daga nan sai abin da ke riƙe da kai a saman ruwa. Dokar jiha ta ce kowane mutum a jirgi a tanadar masa rigar ceto, yaro ƙasa da shekara 10 kuma dole ya sa. Dokata ta fi ta jiha tsanani: ba ka taka jirgina sai rigar na jikinka, a zuge, a ɗaure, ko kai wane ne, ko furfurarka ta kai ina. Ina tuƙi da sassafe kafin iska ta farka, ina bin gaɓa ko da tafiyar za ta ninka, kuma akwai busassun kaya cikakku a jakar da ruwa ba ya shiga, ɗaure a jikin jirgin. In iska ta tashi, mu zauna a tudu mu sha shayi, tsibiri ba gudu zai yi ba.

Ƙananan kurakurai ba sa buƙatar dogon bayani. Auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, ka nemi ulu ko yadin roba, har safa. Kada ka isa da magariba, domin in ka tarar da mutane a wurin sai ka nemi wani cikin duhu. Ni da la'asar tantina a tsaye yake. Kada ka kafa a kwari inda ruwan sama ke taruwa. Kafin ka buga turke ko ɗaya ka ɗaga kai ka duba ko akwai matacciyar bishiya ko busasshen reshe a samanka. Guguwar 4 ga Yuli 1999 ta kwantar da miliyoyin bishiyoyi a yankin nan cikin 'yan sa'o'i, kuma ƙaramar iska ma tana kayar da wadda ta riga ta ruɓe. Kada ka ɓare farin ɓawon bishiyar birch mai rai don kunna wuta, ga wanda ya faɗo birjik a ƙasa.

Sai wuta, kuma a nan zan yi faɗa.

Ƙasan dajin nan ba yashi ba ne. Tarin ganyen bishiyar fain ne da ruɓaɓɓen itace da saiwoyi, shekara da shekaru sun danƙare, a ƙarƙashinsu kuma dutse. In garwashi ya shiga ciki sai ya zama wutar ƙaiƙayi, sama ba hayaƙi, ƙasa tana ci, ta bi saiwa ta ɓullo can gaba bayan kwana biyu, lokacin da kai ka riga ka koma gida kana nuna wa mutane hotuna. Na taɓa sauka a wani wuri a bakin tafki da hantsi, ba kowa, an share fili tsaf. Na sa tafin hannu a kan tokar murhu, sai zafi. Na tona da sanda, ga jan garwashi, ya riga ya ci ƙarƙashin duwatsun da aka kewaye murhun da su, ya fita waje da kusan taku ɗaya. Tukunyar girkina na yi ta cikawa daga tafki ina zubawa har hannuna ya gaji. Waɗanda suka bar ta sun watsa mata ƙasa ne suka tafi, a ganinsu sun kashe.

Rufe wuta da ƙasa ɓoye ta ne. Wanda yake ganin ina zuzuta magana, ya tambayi mutanen hanyar Gunflint, wadda ta shiga daji daga Grand Marais, abin da ya faru a watan Mayun 2007. Wutar sansanin mutum ɗaya a bakin tafkin Ham ta kuɓuce, ta cinye kimanin eka 75,000 tsakanin Minnesota da Ontario ta Kanada, ta ƙone gine-gine fiye da 130, gidajen mutane da wuraren neman abincinsu. Mutumin nan ba sabon shiga ba ne, ya daɗe yana zuwa dajin, kuma sai da gwamnatin tarayya ta gurfanar da shi. In wanda ya san daji haka ta same shi, kai da ka zo jiya me kake taƙama da shi? Kuna hura wuta kamar za ku gasa sa, kuna jefa leda da kwali a ciki, iska na ɗaukar tartsatsi, sannan kowa ya shige tanti ya bar ta "ta mutu da kanta". Wallahi wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Ga yadda nake yi. Girki a kan ƙaramin risho na gas nake yinsa. Wuta in zan hura, ƙarama ce, a cikin murhun ƙarfe ko a kan dutse tsirara, da itacen da bai wuce kaurin hannuna ba. Tukunya cike da ruwa na gefe tun kafin in ƙyasta ashana. In zan kwanta, in zuba ruwa, in gauraya da sanda, in ƙara ruwa, in sake gaurayawa har ta zama kunun toka, sannan in cusa hannuna ciki. In hannu bai iya zama ba, ban gama ba. Ranar iska kuwa ba wuta sam, ko yara sun yi ta roƙo. Itace kuma a nan za ka tsinta ko ka saya a kusa, kada ka ɗauko daga gida. Ƙwaron da ke kashe bishiyar ash, wanda a Minnesota aka fara ganinsa a birnin St. Paul a 2009, a cikin itacen girki yake yin doguwar tafiya.

Abinci a cikin tanti shi ma kuskure ne da ba ya ƙarewa. Baƙin beyar na dajin nan, wato wata ƙatuwar dabba mai gashi da farata, ba mai neman faɗa ba ne, amma hancinsa ya fi na kare, kuma guzurinmu mai ƙamshi ne: kilishi, dambun nama, daddawa, busasshen kifi. Man goge baki da turare ma suna jawo shi. Ƙa'ida ita ce a rataye jaka ƙafa 12 daga ƙasa, ƙafa 6 daga jikin bishiya. Mutane da yawa haka suke yi, ni dai na daina, domin bishiyoyin arewa rassansu sirara ne, da wuya ka sami wanda zai ba ka wannan awon. Na sayi ƙaramar gangar roba mai tauri wadda beyar ba ya iya buɗewa, ina ajiye ta taku 70 daga tanti, nesa da gangaren ruwa. Beyar da ya saba samun abinci a wurin mutane ƙarshensa harbi ne, alhakinsa kuma yana wuyan wanda ya fara saba masa.

Akwai maganar da ta shafe mu musamman, ba zan ji kunyar faɗa ba. Mu masu tsarki da ruwa ne, kuma na ga masu gangarawa bakin tafki su yi a can. Wannan ruwan shi ne wanda kai da na bayanka za ku sha. Ka cika butarka, ka yi taku 70 cikin daji, ka haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ka gama komai a kan ramin, ka rufe. Sabulu da wanke-wanke ma a can tudu ake yi. Ruwan sha kuma, komai garai-garai ɗinsa, a tace ko a tafasa ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, saboda ƙwayar giyadiya mai sa gudawar makonni. Wajen salla, mutane na juyawa gabas yadda suka saba, alhali daga nan alƙibla arewa maso gabas take, sai ka riƙe kamfas. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, alfijir kuma tun wajen ƙarfe 3 yake ketowa, saboda haka ka rubuto lokuta a takarda daga gida.

Sauro da ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo na ƙarshen Mayu da Yuni suna sa mutum ya tsani daji, amma ragar fuska da dogon hannu sun wadatar. Kaska ce abin tsoro, ƙaramar nan mai baƙaƙen ƙafafu da ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, ita ke ɗauke da cutar Lyme. Yawanci sai ta yi sama da kwana ɗaya a maƙale kafin ta sa cutar, don haka kowane dare ina duba jikina da tocila, hammata, bayan gwiwa, ƙugu, cikin gashi. In ka same ta, ka kama ta daf da fata da ɗan hantsaki ka ja a miƙe, ban da ƙona ta da ashana ko shafa mata mai. In ja ya bazu a wurin ko zazzaɓi ya biyo baya, ka ga likita ka gaya masa daji ka je.

Waya tana daina aiki tun kafin kwalta ta ƙare. Kafin in fita ina rubuta wa mutum ɗaya a gida sunan tafkin, inda zan ajiye mota, lambar motar, ranar dawowa, da lambar ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan gundumar, da zai kira in ranar ta wuce bai ji ni ba. Wanda kuma zai je a lokacin kaka ya sani cewa farautar beyar na buɗewa a farkon Satumba, ta barewa da bindiga a farkon Nuwamba, kuma a dazuzzukan nan na kyauta ake yin su. Hula da riga masu ruwan lemo mai ƙyalli dole ne a lokacin, har ga yaron da zai je ɗebo ruwa.