Kurakuran da ke ɓata rigar amarya bayan biki

Rigar da aka wuni da ita a jiki ta riga ta ɗauki datti, ko da ido bai ga komai ba. Nan yawancin amare ke fara kuskure: a duba riga a ga fes take, a ninke a ajiye. Alhali zufa ta shiga hammata da wuya, turare ya zauna a ƙirji, lemon da ya ɗiga ya bushe bai bar alama ba. Bayan watanni sai wuraren su fara yin rawaya, inda sukari ya taɓa kuma ya koma ruwan ƙasa. In tabo ya kai haka, da wuya ya fita duka.

Don haka kada rigar ta wuce mako biyu ba a wanke ta ba. In gajiyar biki ba ta sake ki ba, wakilta 'yar'uwa ta kai. Kuma kada a miƙa wa mai wanki a juya kawai. A nuna masa duk inda abu ya zuba, domin sinadarin da ake wanki da shi ba da ruwa ba maiƙo yake cirewa, ba ya narkar da sukari, sai an bi wurin daban da ruwa. A tambaye shi batun duwatsun ado ma: waɗanda aka manna da gam kan saki a cikin sinadari, ba kamar waɗanda aka ɗinka ba.

Masu gwadawa a gida kuwa, abu uku ke cutar su. Dirza tabo yana tura shi cikin zare ne, a danna shi a hankali da farin ƙyalle. Bilic yana cin siliki. Guga a kan tabo kuma tana gasa shi ya zauna.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ledar da mai wanki ke rufo rigar da ita. Ta ɗauko kaya zuwa gida ce, ba ta ajiya ba. Leda tana riƙe danshi, danshi ya kawo fumfuna da wari. Jarida tana barin tawada, kwali na yau da kullum kuma yana da asid da ke sa yadi rawaya. A samu akwati da takarda marasa asid, in babu, farin zanin gado na auduga da aka wanke ba sitaci ya isa, don sitaci kiran ƙwari yake yi. A cire fil da duk wani ƙarfe kafin ya yi tsatsa. Kafur ma kada ya taɓa yadin.

Riga mai nauyi ba ta son hanga. Nauyin duwatsu da dogon jela yana jan kafaɗa har ɗinki ya buɗe. A kwantar da ita, a sa takarda mai laushi a kowane ninki, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu, nesa da taga da bangon da ke jiƙa. Sau ɗaya a shekara a wanke hannu a fito da ita, ta sha iska a inuwa, a sauya wurin ninkin kafin zaren ya karye a kan layin.