Yadda za ki haɗa wa yara wurin wasa a falo ranar ruwan sama

Watan Agusta ruwa sai ya tsuge tun asuba har la'asar, yara kuma ba sa zama. Ga yadda nake yi.

Da farko ki ture kujeru gefe, ki zare caja daga soket. Sai ki shimfiɗa tabarma ki ɗora bargo saboda sanyin siminti.

Daga nan ki jera kujeru 2 ki yafa musu zani ya zama 'yar bukka, wallahi nan suka fi daɗewa, ki zuba musu murafan tukwane da ludayi da kwalin Indomie su yi ta girkin wasa.

Bokitin da kika tara wa yoyo kuwa ki kai shi nesa, mai rarrafe yana iya faɗawa ciki ko da ruwan kaɗan ne.