Kurakuran da ke ɓata rubutu tsakanin kwafi da mannawa

Ɗan gajeren sikirif (jerin umarnin kwamfuta) da zai ɗauko rubutun da ka kwafa, ya gyara shi, ya mayar da shi ma'ajiyar kwafi yana rage wahala ƙwarai. Amma layi ɗaya ne mai tarko da yawa, kuma mai rubuta Hausa ya fi kowa faɗawa ciki.

Fara da sanin kayan aikinka. A macOS pbpaste (mai ɗauko abin da ka kwafa) da pbcopy (mai mayar da shi ma'ajiyar kwafi) ne. A Linux kuwa, ya danganta da tsarin nuna tagogi na kwamfutarka: xclip na X11 ne, mai Wayland sai ya nemi wl-paste da wl-copy. Ga kuma abin da ke ruɗa sabon shiga: xclip kaɗai, ba tare da -selection clipboard ba, yana aiki ne da rubutun da aka shafa da linzami, ba wanda Ctrl+C ya ajiye ba. Shi ya sa za ka ga umarni ya gudana lafiya lau, ka manna, tsohon rubutu ya fito.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne tr, umarnin musanya haruffa. Nau'insa da ke zuwa da Linux bayit-bayit yake karatu, alhali ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kowanne bayit 2 ne a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi. Ka ce masa tr 'ƙ' 'k', sai "ƙasa" ta koma "kkasa". Bai tsaya nan ba: ƴ ma zai lalace, domin bayit ɗinsa na farko ɗaya ne da na ƙ. Ka nemi manyan baƙaƙe kuma, ya ba ka "ƙASA". Maganin shi ne sed, umarnin gyara rubutu: sed 's/ƙ/k/g' don sauya harafi, sed 's/.*/\U&/' don manyan baƙaƙe, kodayake wannan \U na GNU sed ne (wanda ke zuwa da Linux), sed ɗin macOS bai san shi ba. Ka kuma sa export LANG=en_US.UTF-8 a saman sikirif ɗin, musamman idan ba daga tagar umarni za a kira shi ba, don a can ba lallai ya gaji saitin harshenka ba.

Sai alamar zance. Ka rubuta echo $rubutu tsirara, layukanka duk su dunƙule su zama ɗaya, alamar * kuma ta rikiɗe ta zama jerin sunayen fayilolinka. Rubuta printf '%s' "$rubutu". Rubutun da ya fito daga Windows kuwa yakan zo da ɓoyayyen \r a ƙarshen layi. Nan kam tr -d '\r' ya wadatar.

Hasara mafi ciwo ita ce idan sed ya ci karo da kuskure a tsakiyar bututu (jerin umarnin da aka haɗa da alamar |): pbcopy ba ruwansa, zai karɓi wofi ya shafe abin da ka kwafa. Ajiye sakamakon tukuna, sai aiki ya yi kyau a mayar:

sabo=$(pbpaste | sed 's/ƙ/k/g') && printf '%s' "$sabo" | pbcopy