Yadda za ka yi hoton bayan ido in kana da ciwon suga

Jama'a in kana da suga kar ka jira sai gani ya dushe, domin sugan yana cin ƙananan jijiyoyin jinin bayan ido a ɓoye, su yoyo, wurin ya kumbura kai ba ka ji komai ba. Ka je asibitin ido sau 1 a shekara ka ce a duba maka bayan ido. Za a ɗiga maka magani ƙwayar idon ta buɗe, ka jira kamar minti 20 zuwa 30, sai na'ura ta ɗauki hoto, in akwai OCT, wato na'urar da ke ɗaukar hoton kaurin bayan ido, ma ya fi don shi ke nuna kumburin. Ka tafi da ɗan rakiya da baƙin tabarau fa, tuƙi ba naka ba ne ranar.