Gina Gida Ko Sayen Ginanne A Abuja: Ramukan Da Ake Ta Faɗawa

Na gaji da amsa tambaya ɗaya. Duk wanda Allah ya ɗan buɗa wa a garin nan sai ya kira ni: "Yaya, in gina ne ko in sayi ginanne?" Kowanne da ranarsa. Mai gini shi ke tsara gidansa yadda yake so, falon baƙi daban, sashen iyali daban, kuma ya san yawan rodin da aka binne masa a dekin. Mai saye kuwa yau ya biya, gobe ya tare, ya huta da kuɗin hayar da ake karɓa na shekara guda a dunƙule. Amma yawancin masu tambayar tun kafin su ci moriyar ko ɗaya suke zubar da kuɗin.

Ramin farko takarda ce, kuma shi ya fi cin mutane. Ƙasar Abuja duk tana hannun gwamnatin tarayya, ministan babban birnin ne ke da ikon raba fili. Ba hakimi ba, ba sarkin ƙauye ba. Takardar da ƙananan hukumomi irin su Bwari, Kuje ko Gwagwalada suka bayar ma sai an kai ta an tantance, an daidaita ta a AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filaye. Ni da kaina na taɓa sayen filoti ta wajen Kuje a hannun dillalin da muke sahu ɗaya a masallaci. Araha ta ja ni, kunya ta hana ni cewa a yi bincike. Na zagaye da katanga, na zuba fandisho, sai ga wani bawan Allah da tasa takardar, kuma sunansa ne a fayil. Katangar ma shi ya gaje ta. Dillalin ya ce shi ma yaudararsa aka yi, ya ba ni haƙuri, la'adarsa kuwa ko sisi ba ta dawo ba.

Tun daga ranar ba na ba da ko kafin alƙalami sai lauyana, ba lauyan mai sayarwa ba, ya nemi bincike a AGIS ya kawo sakamako a rubuce. Sannan in ɗauki safiyo mu je ya duba lambobin turakun filin, domin ana nuna maka fili a nan, takarda tana magana a kan wani can. Kada mai sayen ginanne ya ɗauka ya tsira. Gida ya sha fenti da tayil ba shi ke nuna an amince da zanensa ba, kuma wanda ya ga rusau na zamanin da El-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, ya san jan fentin hukuma ba ya duba tsadar gida. Ka nemi takardar izinin gini, ka nemi rasit na harajin fili. A 2025 minista Wike ya soke takardun dubban filaye saboda bashin wannan haraji da ya haura shekara 10. Ka kuma tabbatar ba a jinginar da gidan a banki ba.

Rami na biyu na masu gini ne: fara aiki da kuɗin da ba zai kai rufi ba. Haba jama'a! Mutum yana da kuɗin ɗaki uku, sai ya sa a zana masa bene mai ɗaki bakwai don abokinsa na Gwarinpa haka ya yi. Wanda ya fara gini kafin a cire tallafin man fetur a 2023 ya ga abin da ya faru: buhun siminti da ake saya wajen naira 5,000, a farkon 2024 ya haura 10,000, rodi da kwano suka bi sahu. Gini ya tsaya a linta. Damina ta yi ta dukansa daga Afrilu zuwa Oktoba, rodi ya yi tsatsa, ciyawa ta cika falo, kai kuma kana biyan haya kana biyan mai gadin kango. To ina arahar ginin? In lissafinka bai kai ka ga rufi da ƙofofi a tashi ɗaya ba, ka rage zanen, ko ka sayi ƙaramin ginanne ka zauna.

Ni ga yadda nake yi, ban ce kowa ya bi ba. Rodi da kwano nakan fara saya a kasuwar Dei-Dei in adana, siminti kuwa sai ana gab da aiki, don danshi na daskarar da shi. Bulo a gabana ake bugawa, kuma ba na yarda buhu ɗaya ya wuce guda 30 na inci 9. Ranar zuba dekin ko ɗaurin aure ake ba na zuwa. Birkila ba mugu ba ne, amma in ya ga mai gida sai ranar Asabar yake leƙowa, kwaɓin ma sai ya sauya.

Mai sayen ginanne kuma, don Allah ka daina duba gida da rani. Ka je a Agusta bayan an tafka ruwa. Sassan Lokogoma da Lugbe sun sha ambaliya don an yi gini a kan hanyar ruwa. Sabon fenti a gindin bango kaɗai alama ce ta ana ɓoye danshi. Ƙwanƙwasa tayil ka ji ko yana ƙarar gwangwani, ka leƙa cikin silin, ka buɗe kowane famfo. Sannan ka zauna wurin mai shayin layin, shi zai gaya maka abin da dillali ya haɗiye.

Sauran ƙanana ne. Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, Madalla da Suleja jihar Neja, takardunsu ba na Abuja ba ne. Kada a haƙa sokawe kusa da rijiya. In rukunin gidaje ne, tambayi kuɗin gadi da shara da ake biya duk shekara. Gidan da ake tallansa a hoto, ba a ko aza bulo ba, ni ba na biyan kuɗinsa gaba ɗaya. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, ya je FMBN, bankin gwamnatin tarayya mai ba da lamunin gidaje, ya tambayi haƙƙinsa kafin ya ci bashin bankin kasuwanci. Kuma kafin ka biya, ka kwana a unguwar, ka fito ƙarfe 6 na safiyar Litinin ka gwada hanyar zuwa wurin aikinka, musamman in ta Nyanya za ka riƙa shigowa.