Yadda Ake Auna Martanin Ƙwayoyin T Makasa a Jikin Ɓerayen da Aka Sauya wa Ƙwayoyin Gado

Mai son sanin rawar da wata ƙwayar gado ke takawa a garkuwar jiki zai yi wuya ya sami abin gwaji da ya fi bairos ɗin LCMV (lymphocytic choriomeningitis virus) mai kama ɓeraye, wanda da shi ne Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka gano a Kanbera, Ostareliya, yadda ƙwayoyin T makasa, wato ƙwayoyin garkuwa masu kashe ƙwayoyin jikin da cuta ta shiga, ke gane ƙwayar jikin da ta kamu, har suka sami kyautar Nobel a 1996. Bairos ɗin ɗan'uwan mai haddasa zazzaɓin Lassa ne, kuma yana kama mutum, saboda haka ba a fara aiki sai da izinin kwamitin kula da dabbobi da horon kariya, mai juna biyu kuwa ta nisance shi domin yana illata ɗan tayi.

Da farko a zaɓi ɓeraye. Yawanci ana amfani da irin C57BL/6, 'yan mako shida zuwa takwas, kuma a nan ne gwaji ke gyaruwa ko ya lalace. Ɓerayen da za a kwatanta da waɗanda aka cire wa ƙwayar gadon su kasance 'yan ciki ɗaya da su, masu kwana a keji ɗaya, domin ɓeran da aka sayo daga wani wuri yana zuwa da nasa ƙwayoyin hanji, sai a jingina wa ƙwayar gadon bambancin da ba nata ba ne. A ganina, gara a jira wata biyu a sami 'yan ciki ɗaya da a yi gaggawa.

Daga nan sai allura. Nau'in bairos ɗin da ake kira Armstrong ana zuba shi cikin kogon ciki, kimanin 200,000 bisa ma'aunin PFU (ma'aunin yawan bairos mai iya kama ƙwayoyin jiki), kuma lafiyayyen ɓera kan kawar da shi cikin kwana takwas. Nau'in Clone 13 kuwa ana ba da miliyan 2 ta jijiya, yakan daɗe a jiki har ƙwayoyin T su gaji su ɗauki alamar PD-1, wato furotin da ke rage musu ƙarfi. Idan za a dasa wa ɓerayen gwajin ƙwayoyin T na ɓeran P14, wanda aka ƙera domin ƙwayoyinsa su gane guntun furotin gp33 na bairos ɗin, to a dasa 'yan dubbai kawai, don yawansu yana jirkita sakamako.

A rana ta takwas martani ke kai ƙololuwa. A cire saifa, a murje ta a tace, a rina ƙwayoyin da alamar CD8, wadda ƙwayoyin T makasa ke ɗauke da ita, da tetrama mai ɗauke da gp33, wato sinadarin da ke manne wa ƙwayoyin da suka gane gp33, sannan a ƙirga su da na'urar tantance ƙwayoyi. Wani kason a haɗa shi da guntun furotin ɗin tsawon awa biyar, a ga nawa ne ke fitar da intaferon-gama, furotin da ƙwayoyin T ke saki idan sun gane cuta.

Sai dai ƙirge kaɗai ba ya wadatarwa. A 1994 an nuna cewa ɓerayen da ba su da ferforin, wato furotin da ke huda ƙwayar da ta kamu, suna tara ƙwayoyin T amma sun kasa kawar da LCMV. Don haka dole a auna yawan bairos a jini da saifa da ƙoda ta hanyar shuka shi a kan ƙwayoyin Vero, wato ƙwayoyin ƙodar biri da ake renonsu a ɗakin gwaji. Ɓerayen da ba su da ferforin kan jigata ƙwarai, saboda haka a riƙa auna nauyinsu kullum, wanda ya rame ya wuce iyakar da kwamiti ya gindaya a kashe shi ba tare da azaba ba nan take.