Yadda za ka zaɓi kayan haɗa kwamfutar gem ta farko a Accra da ɗan kuɗin hannunka

Kafin ka hau trotro zuwa Circle, ɗauki biro da takarda ka rubuta abu biyu: gem ɗin da kake son bugawa, da adadin sidin da ke hannunka yau. Wanda yayanka na Bronx ya ce zai turo, bar shi sai ya shigo. Wannan ne mataki na farko, kuma shi samari suka fi tsallakewa. Wanda burinsa bai wuce eFootball, EA Sports FC, GTA V, Fortnite ko Valorant a kan sikirin na 1080p ba, ba ruwansa da injin da 'yan YouTube ke nunawa da fitilu kala-kala. Daga kuɗin nan ka fara ware na monita, kibod, maus da abin kare na'ura daga wuta. Abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin injin.

Mataki na biyu shi ne katin hoto, wato ɓangaren da ke fitar da hoton gem a sikirin, kuma a nan za mu daɗe, don shi ke ɗaukar nauyin gem. A ganina, kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin injin ya tafi nan. Idan aljihu ya yarda, RX 6600 mai 8GB shi zan fara nuna maka: ya fito a 2021, wutar da yake ja ba ta wuce wat 132 ba, kuma a 1080p ba zai ba ka kunya ba. RTX 3060 mai 12GB ya ɗan fi shi, kuɗinsa ma ya fi. Ƙasa da su akwai RTX 2060 da GTX 1660 Super, dukkansu masu 6GB, sai tsohon soja RX 580 mai 8GB na shekarar 2017, wanda har yanzu yana aiki, amma yana shan wuta har wat 185, ga zafi. Mai mita firifed ya yi lissafi.

Kada yawan gigabait ya ruɗe ka. Za ka ga GT 730 an rubuta 4GB ɓaro-ɓaro a kwali, a ce maka katin gem ne. Ba shi ba ne. Na ofis ne, na kunna monita. RX 6500 XT ma, duk da sabon suna, 4GB ne kawai, kuma a kan tsohon allo, wato madabod ɗin da ake ɗora duk kayan a kai, ƙarfinsa na raguwa.

Yawancin katunan da za ka gani a Tip Toe Lane da Lapaz, ko a Jiji da Tonaton, hom-yus ne, kuma ba laifi ba ne. Sai dai ka san tarihinsu. A watan Satumba na 2022 Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet, sai masu haƙar suka antayo katunansu kasuwannin duniya, waɗanda suka shekara suna aiki dare da rana. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji, man da ke kan kwakwalwarsu ya bushe. Ido ba ya rarrabewa, sai an kunna.

Don haka ka je da filash ɗinka, ka sa manhajojin GPU-Z, mai nuna bayanan kati, da FurMark, mai gwada ƙarfinsa, a ciki, duka kyauta ne. Ka shiga shago, ka yi sallama, ka gaisa tukuna. "Alhaji, barka da kasuwa. Wannan katin nake so, amma don Allah a jona mini shi in gani." Mai gaskiya zai ce, "Ba damuwa, ƙanena, zauna," ya sa yaron shago ya ɗaura shi a kan injin gwaji. Buɗe GPU-Z ka karanta suna da lambobi. RX 580 na asali yana nuna 2304 a wurin da aka rubuta Shaders. In ka ga 2048, wannan ɗan'uwan RX 570 ne aka sa masa babbar riga, kada ka biya kuɗin 580. Wasu jabun katunan Nvidia ma manhajar da kanta za ta rubuta maka FAKE kusa da sunan. In ka ga GTX 1050 Ti mai ramin VGA, shuɗin nan mai ƙananan huji, yi taka-tsantsan, don galibi tsohon kati ne aka sauya wa suna. Sai ka saki FurMark minti 10 zuwa 15. Kara kunnenka kusa da fanka ka ji ko tana kuka ko tana gogar wani abu. Zuba wa sikirin ido: ɗigo-ɗigo masu launi, layuka, ko ɗaukewar hoto, duk alamun ciwo ne. Zafi kuma in ya haura digiri 85 yana ci gaba da hawa, ajiye. Wanda ya ce maka ba lokacin gwaji, ko "ai daga Jamus ya zo, ba ya bukata", yi masa godiya ka shiga shago na gaba. Shaguna ba su ƙare ba.

Na uku, firosesa da madabod. Tare ake zaɓensu, don kowace firosesa da irin kujerar da take zama. Ga mai ƙaramin ƙarfi, hanya biyu ce mai kyau. Ta AMD ita ce kujerar AM4, wadda ta fito tun 2016, shi ya sa kayanta suka cika kasuwa: Ryzen 5 5600 ko Ryzen 5 3600, dukkansu masu kwakwalwa 6, a kan allon B450 ko B550. In B450 ne kuma firosesar 5600 ce, tambayi mai shago ko an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon mai tayar da injin, in ba haka ba za ka kai gida ka danna, fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin. Ta Intel kuwa ita ce Core i3-12100F ko i5-12400F a kan allon H610 ko B660. Harafin F na nufin ba ta fitar da hoto da kanta, dole sai da kati. Allunan nan wasu na cin DDR4, wasu DDR5, ba sa musanya, sai ka duba kwali.

Akwai dabarar da nake ba wanda kuɗinsa ba su kai na kati ba tukuna: Ryzen 5 5600G. Tana da nata ɗan katin hoto a ciki, za ta buga maka eFootball da Valorant in ka sassauta saitin, ka ci gaba da tara kuɗi a susu har ka sayi katin gaske. Ba ta kai 5600 ƙarfi ba in an sa kati, amma ta fi zaman jira.

Wani tarko kuma shi ne kalmar "Core i7". Za a ce maka i7 ce, ka ji daɗi. Tambaya ita ce ta wace shekara? i7-3770 ta 2012 ce, kuma i3-12100F ta 2022 ta wuce ta nesa ba kusa ba. Ga kuma batun Windows: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da TPM 2.0, wani tsarin tsaro da ke cikin injin. Valorant a kan Windows 11 ba ta buɗewa sai da TPM ɗin nan da Secure Boot, wani saitin tsaro a BIOS. Haɗin tsofaffin firosesocin Xeon na Intel da allunan X79 da X99 da ake tallatawa da araha, a nan suke tuntuɓe.

In hom-yus za ka saya, haska fitilar waya ka duba allurai. Na AM4 a jikin firosesa suke, na Intel a cikin kujerar allon. Ɗaya ta lanƙwashe, ciniki ya mutu. Ka kuma tambaya ko da fankar sanyaya ta, don sabuwar Ryzen 5 5600 a kwali tana zuwa da tata, ta hannu kuwa sau da yawa tsirara ake miƙo maka ita.

RAM ba ta bukatar dogon zance. 16GB na DDR4-3200, sanda biyu masu 8GB kowace, ba sanda ɗaya mai 16GB ba, don biyun na aiki kafaɗa da kafaɗa, gem ya fi tafiya sumul, musamman a kan 5600G. Wurin ajiya kuma SSD, irin NVMe da ake kwantarwa a jikin allo. 500GB zai fara, 1TB ya fi kwanciyar hankali, tunda GTA V kaɗai na neman wajen 100GB, Call of Duty ma ba a magana. In na hannu ne, CrystalDiskInfo za ta gaya maka awa nawa ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa. Tsohon had disk mai juyawa, bar shi don ajiye hotuna da bidiyon biki.

Yanzu mun zo inda nake so ka buɗe kunne: fawa saflai, akwatin da ke raba wa kowa wuta. Shi ne abin da ba a gani a hoto, ba ya ƙara wa gem gudu, don haka idan lissafi ya ƙi daidaita shi ake fara yanka. Araha ba ta ado. Mu da muka san dumsor, muka san yadda wuta kan dawo da ƙarfi ko ta riƙa kyaftawa da yamma a Nima da Mamobi da Sabon Zango, bai kamata a koya mana wannan ba. Fawa saflai mara kyau in zai mutu, ba ya tafiya shi kaɗai. Yana iya jan allo da katin da ka yi wata da watanni kana tara kuɗinsa.

Ga injin da muke magana, wat 550 daga kamfanin da aka sani ya wadatar, irin su Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama. In akwai abu ɗaya da za ka saya sabo a leda, to shi ne. Kada ka tsaya kan babbar lambar da ke kwali. Juya shi ka karanta takardar da ke manne a gefe, ka nemi layin +12V, don daga nan kati da firosesa ke sha. Wanda aka rubuta wa 600W amma layin 12V bai kai rabin haka ba, ƙarya ya yi. Ɗaga shi a hannu ma: wanda ba shi da nauyi kamar fanko, ba komai a cikinsa. Tabbatar yana da wayar kati mai huji 8 tasa ta kansa. Kada ka yarda a yi maka jone da adafta daga wayar SATA. Ita an yi ta ne don wajen wat 54, mai huji 8 kuwa har wat 150 take ɗauka, kuma ta haka robar ke narkewa.

Wani abu da ya shafe mu musamman: wutar Ghana volt 230 ce, ta Amurka 120. Tsofaffin fawa saflai da ke zuwa cikin ganga daga can wasu na da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. In yana kan 115 ka jona a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi. Na zamani da aka rubuta wa 100 zuwa 240 ba su da wannan matsalar. Sannan ka nemi UPS, akwatin batir mai riƙe injin in wuta ta ɗauke, ko a ƙalla ekstenshan mai kariyar hauhawar wuta. Lura cewa lambar VA ba wat ba ce: UPS mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai cika kai wat 400 ba, kuma aikinsa ya ba ka 'yan mintuna ka kashe injin cikin mutunci, ba ka ƙarasa wasa da shi ba.

Akwatin da za a zuba kayan, zaɓi mai raga a gaba, iska na shiga, ba mai gilashi rufe ruf ba. Garinmu da zafi, ɗakunan Zango ba kowanne ke da silin fan mai ƙarfi ba, ga ƙurar hunturu daga Disamba. Fanka biyu a gaba, ɗaya a baya, da tace mai cirewa a wanke. Ka auna tsawon katinka da abin da akwatin ke ɗauka. Fitilun RGB kuwa, in canji ya rage.

Wasu kan ce me zai hana a sayi tsohuwar Dell OptiPlex ko HP ta ofis a cusa mata kati? Yana yiwuwa, kuma ita ce hanya mafi araha. Amma ka nemi doguwar, ba siririyar ba, ka kuma san cewa fawa saflai ɗinsu ƙarami ne, da wayoyi irin nasu na daban. Katin da ya dace da su shi ne wanda ba ya neman ƙarin waya, kamar yawancin GTX 1650, mai shan wat 75 daga jikin allo. Daga nan ba ka da wurin ƙara gaba sosai.

Sai ranar saye. Kada ka riƙa tsintar kaya ɗaya-ɗaya wata bayan wata. Garantin da masu hom-yus ke bayarwa gajere ne, in ka ajiye allo a ƙarƙashin gado wata uku kafin ka samu firosesa, ranar da ka gano ba ya tashi, ba mai sauraronka. Tara kuɗin, ka saya cikin mako guda. Sa a rubuta maka rasit da lambar jikin kowane kaya da kwanakin garanti. Mai sayarwa na Jiji, ku haɗu inda akwai wuta da injin gwaji, kuma kada ka tura MoMo don a "riƙe maka" kaya kafin ka gan shi da idonka. Ka tafi da wanda ya taɓa haɗawa, ko da za ka saya masa waakye a hanya. Farashi kuma yana bin dala, don haka zaga shago uku ko huɗu a ranar kafin ka taya. 'Yan Kumasi su yi haka a Adum.

In an haɗa, abu uku kafin ka kira abokai. Wayar monita a bayan katin hoto take shiga, ba a ramin allo na sama ba. Sandunan RAM, in ramuka 4 ne, galibi na biyu da na huɗu daga firosesa ake sa wa, sannan ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin gudun RAM, wanda wasu allunan AMD ke kira DOCP, in ba haka ba RAM ɗin 3200 zai riƙa tafiya ƙasa da gudunsa. Na uku, ɗauko direban kati daga shafin Nvidia ko AMD kai tsaye, ka bar manhajar HWMonitor mai nuna zafi a buɗe ka buga gem na awa ɗaya kana lura da zafi, tun garantin Alhaji bai ƙare ba.